Raina kama ka ga gayya: tambayoyi da amsoshi kan ɗan basket da ba a kula da shi ba har ya zama ƙwararre

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin samari da ƴan mata masu buga ƙwallon kwando a Maraɗi, da iyayensu, da malaman wasanni na lakkol. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa maganar takardu da kwantiragi. Tunda a gari "basket" aka fi cewa, za a riƙa cuɗa sunayen biyu.

Wane ne ake kira ɗan wasan da aka raina?

A Amurka akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce auna yaran sakandare su raba musu taurari, biyar ga wanda suke ganin ya fi kowa. Manyan jami'o'i na duba wannan jeri kafin su ba yaro gurbin karatu kyauta. Wanda ya samu taurari kaɗan, ko sunansa bai shiga ba sam, shi ne wanda aka raina.

Stephen Curry siriri ne lokacin da ya gama sakandare, bai kuma cika tsayi ba. Jami'ar Virginia Tech, inda mahaifinsa Dell Curry ya yi wasa, ba ta ba shi gurbin kyauta ba. Sai ya tafi Davidson, wata ƙaramar kwaleji. A 2008 ya kai ta cikin ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a gasar jami'o'i, da maki biyu kawai Kansas ta fitar da su. A 2009 Golden State Warriors ta ɗauke shi a matsayin na bakwai a zaɓen sabbin ƴan wasa na NBA, babbar gasar basket ta Amurka, ya zama gwarzon gasar a 2015 da 2016. Shi kuwa Ja Morant, wani mataimakin koci na jami'ar Murray State ne ya fita neman abin taɓawa a wani sansani, ya hango shi yana buga uku da uku a ƙaramin ɗakin wasa na gefe. A 2019 shi aka ɗauka na biyu.

Sai dai a lura da abu ɗaya kafin a ɗora wa yaron Maraɗi waɗannan labarai. Curry da Morant an gan su, ƙimarsu ce aka rage. Suna cikin tsarin da ake rubuta makin kowane wasa, ake ɗaukar bidiyonsa. Yaron da ke buga wasa a filin lakkol a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ba raina shi aka yi ba, ba a ma san da shi ba. Maganin ciwon biyu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa rabin amsoshin da ke ƙasa kan lasisi, bidiyo da takardu suke, ba kan jifa ba.

Na kai shekara 15 ban taɓa shiga ƙungiya ba. Na makara ke nan?

Ya danganta da jikinka. Hakeem Olajuwon a Legas tsaron gida yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, sai wajen shekara 15 ya taɓa basket. A 1984 shi aka fara ɗauka a NBA. Joel Embiid da Pascal Siakam na Kamaru su ma sun makara da farawa, dukansu ta sansanin Luc Mbah a Moute, ɗan ƙasarsu da ya buga NBA, suka fito. Amma dukan ukun sun haura mita 2, kuma wasannin da suka yi tun suna yara sun riga sun koya wa ƙafafunsu rawa. Dogo yana iya farawa a makare domin aikinsa na farko kusa da kwando yake: ya tare, ya cafe wadda ta dawo, ya tura ciki.

Mai raba ƙwallo ba haka ba ne. Sarrafa ƙwallo da hannu biyu ba tare da kallon ƙasa ba abu ne da ke cin shekaru, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan tsayinka bai kai mita 1.85 ba kuma yanzu za ka fara, ka buga don lafiya da nishaɗi da gasar gida, kada ka jingine karatu a kansa.

Tsayi nawa ake nema, kuma yaya ake aunawa?

Babu ƙa'idar tsayi, amma kasuwa tana da tata. Fred VanVleet wajen mita 1.83 yake, ya kuma ci kofin NBA a 2019, sai dai irinsa kaɗan ne. Tsayi kan zo a makare ga wasu: Scottie Pippen ya shiga jami'ar Central Arkansas da kimanin mita 1.85, har kayan ƴan wasa yake kulawa da su a farko, ya fito ya haura mita 2.

Awo huɗu ake tambaya, kuma a yi su ba takalmi. Na farko tsayi: dugadugi da ƙeya a jikin bango, a ɗora littafi a kai a ja layi. Na biyu gaba, wato daga ƙarshen ɗan yatsan tsakiya na dama zuwa na hagu idan an ware hannuwa. Gabar da ta haura tsayin mutum da santimita 10 ko fiye abin so ce ƙwarai, don da hannu ake tare jifa, ba da kai ba. Na uku inda hannu ɗaya ke kaiwa kana tsaye. Na huɗu tsalle: ka shafa alli a yatsu, ka taɓa bango a tsaye, ka sake taɓawa da tsalle, a auna tsakani. A maimaita duk wata uku a rubuta da kwanan wata. Kada a ƙara ko santimita ɗaya, domin abu na farko da za a yi maka a kowane sansani shi ne a sake auna ka. Wanda gabarsa ta yi tsawo fiye da kima ya karanta amsar da ta shafi lafiya.

Zama ƙwararre yana nufin NBA ne kawai?

A'a, kuma wannan tunani ya ɓata wa yara da yawa lissafi. NBA ƙungiyoyi 30 ne, kowace da ƴan wasa 15 masu cikakken kwantiragi, wato kujeru 450 ga duniya baki ɗaya. A zaɓen sabbin ƴan wasa na kowace shekara mutum 60 ake ɗauka, zagaye biyu. Ƙwararre shi ne duk wanda ake biyansa albashi bisa rubutaccen kwantiragi don ya buga wasa. Faransa tana da rukuni na ɗaya da na biyu da Nationale 1 a ƙarƙashinsu, Sifen tana da ACB da rukunoni uku na hukumarta a ƙasa. A Afirka, Masar, Tunisiya, Maroko, Angola da Ruwanda suna ɗaukar baƙin ƴan wasa. Gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL, wadda NBA da hukumar basket ta duniya, FIBA, suka haɗa hannu a kanta, ta fara a Kigali a 2021 da ƙungiyoyi 12, Zamalek ta Masar ta ci. Ga ɗan Nijar, waɗannan su ne ƙofofin da ke kusa.

To daga Maraɗi, ta ina ake bi?

Mataki na farko lasisi. Ka shiga ƙungiyar da ke da rajista da hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, FENIBASKET, a yi maka kati da sunanka da ranar haihuwarka na gaskiya. Duk wasan da ka buga ba da lasisi ba, a idon hukuma bai faru ba, ko da maki 40 ka zuba. Ka buga gasar makarantu da ta jiha, wanda ke jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya shiga ƙungiyarta. Mataki na biyu Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600, domin can manyan ƙungiyoyi da masu zaɓen tawagar ƙasa suke. Ƙungiyar Nigelec ta wakilci Nijar a wasannin share fagen BAL. Hanyar da ta fi aminci ita ce a haɗa tafiyar da karatu, yaro ya sauka gidan dangi, ba ɗakin wani da ya ce zai riƙe shi ba.

Mataki na uku rigar ƙasa, musamman ta ƴan ƙasa da 16 da 18, don gasar FIBA ce masu farautar ƴan wasa ke kallo, kuma makinta yana zaune a intanet. Mali ta nuna abin da hakan ke yi a 2019, da matasanta ƴan ƙasa da 19 suka kai wasan ƙarshe na kofin duniya. Ɗan Nijar Abdoulaye Harouna ya yi karatu da wasa a jami'ar Miami ta jihar Ohio, ya dawo ya buga BAL da FAP ta Kamaru a 2021.

Akwai kuma gajeruwar hanya da ba a cika amfani da ita ba: uku da uku. Rabin fili ne, kwando ɗaya, minti 10 ko maki 21, daƙiƙa 12 na jifa, kuma tun wasannin Tokyo yana cikin Olamfik. Kowa na iya buɗe shafinsa kyauta a dandalin FIBA 3x3, gasar da aka yi wa rajista kuma tana shiga lissafinsa. Masu tunanin tsallakawa Katsina ko Kano, inda Kano Pillars take, su duba amsar kwantiragi tukuna, domin Ɗan Isa zuwa Jibiya kusa ne a mota amma a dokar FIBA sauya ƙasa ne.

Me mai farautar ƴan wasa ke dubawa a jikin wanda ba a sani ba?

Abu ɗaya da za ka iya yi gobe a ƙungiyarsa ba tare da an ba ka ƙwallo kullum ba. Ƙungiyar da za ta ɗauki baƙo ta riga tana da masu cin maki. Ben Wallace ba a zaɓe shi ba a 1996, kuma har ya yi ritaya jifan kyautarsa bai kai rabi yana shiga ba. Da tsaro da cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando ya zama gwarzon tsaro sau huɗu, ya ci kofi da Detroit Pistons a 2004. Dennis Rodman, wanda ya taɓa aikin shara a filin jirgin Dallas, da cafe ƙwallo ya yi suna.

Abubuwan da ake sayarwa sanannu ne: jifa daga layin maki uku da ke shiga a kai a kai, tsaron mutum fiye da iri ɗaya, tare jifa a bakin kwando ba tare da tafka laifi ba, da raba ƙwallo ba tare da zubar da ita ba. Ka zaɓi ɗaya ka ƙware, sannan ka ƙara na biyu. Bayan haka ana kallon abin da kake yi idan ƙwallo ba ta hannunka. Kana komawa baya da gudu bayan an ƙwace? Kana magana da abokanka a tsaro? Yaya fuskarka idan koci ya fitar da kai? Yawan wasa da ƙwallo tsakanin ƙafafu yana sa ƴan fada ihu, amma koci lokacin da aka ɓata yake gani, cikin daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa.

Filinmu siminti ne, kwandon ya karkace, ƙwallo ɗaya gare mu. Wane atisaye za mu yi?

Ku fara da igiyar awo. Bakin kwando mita 3.05 ne daga ƙasa, layin jifan kyauta mita 5.80 daga layin ƙarshe, layin maki uku mita 6.75 daga tsakiyar kwando, fili kuma mita 28 da 15. Kwandon da ya sunkuya saboda lilo da ake yi da shi yana karɓar ƙwallon da bai kamata ya karɓa ba, sai hannu ya saba da ƙarya, ran da aka je Yamai jifa ya riƙa tsayawa a bakin ƙarfe. A kai wa mai walda ya miƙe shi, a sa raga ko ta igiya ce. Maza lamba 7 suke bugawa, mata lamba 6. Ƙwallon roba ce ta siminti, ta fata kwana kaɗan za ta yi.

Atisayen mutum ɗaya na awa ɗaya da rabi yana iya zama haka. Minti 10 na ɗumama jiki da tsallen igiya. Jifa 50 masu shiga daga taku ɗaya gaban kwando da hannu ɗaya, don gyara gwiwar hannu da wuyan hannu. Minti 10 ƙarƙashin kwando, dama da hagu bi da bi ba tare da ƙwallo ta taɓa ƙasa ba. Minti 15 na buga ƙwallo a ƙasa da hannun da ba ka iya ba, ido a sama. Sannan jifa daga wurare biyar, kusurwa biyu, gefe biyu da tsakiya, 20 a kowane wuri. A rufe da jifan kyauta 50 lokacin da aka gaji, don a wasa ma a gajiye ake yin su. Masu shiga ake ƙirgawa a rubuta a littafi. Wanda bai kai 35 cikin 50 ba a jifan kyauta, bai kai lokacin damuwa da layin maki uku ba.

A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya ake fita. Da hunturu ƙura tana sa siminti santsi, a share fili kafin a fara. Kwana ɗaya a mako ba tsalle ko kaɗan, siminti ba ya yafe wa gwiwa.

Wane irin bidiyo ake aikawa?

Biyu. Gajere na minti uku zuwa huɗu, da cikakken wasa guda ko biyu ba a yanke komai ba. Gajeren shi ke sa a buɗe dogon, dogon shi ke sa a kira ka, don a nan ake ganin kurakuranka da abin da ka yi bayansu. A kwantar da salula a gicciye, a kafa ta a wuri mai tudu daidai layin tsakiya, rana a bayan mai ɗauka. Kada a bi ɗan wasa ɗaya, a bar mutum goma su fito. Riga mai lamba babba, a faɗi launinta da lambar a farko.

Allon farko ya ɗauki suna kamar yadda yake a fasfo, ranar haihuwa, awo huɗun da aka bayyana a sama, ajin da ake ciki, da lambar kocin ƙungiya. Mafi kyawun abin da ka iya ya zo cikin daƙiƙa 30 na farko, a haɗa da tsaro. Ba kiɗa, ba rage gudun hoto, ba jifa a fili babu kowa. A ɗora a YouTube a aika mahaɗin, domin WhatsApp yana matse hoto har lamba ta ɓace. A ɗauki hoton takardar makin kowane wasa da sa hannun alƙali, ita ce shaidar cewa bidiyon wasan gaske ne.

An ce mu rage wa yaro shekara biyu a takarda. Kowa na yi, ko ba haka ba?

Ana yi, kuma shi ya sa ake zargin takardun yaran Afirka har da masu gaskiya. Ƙaryar ba ta daɗewa, saboda ranar haihuwa tana rubuce a wurare da yawa: rajistar firamare, takardar BEPC, lasisin farko, tsohon fasfo. Ranar da biyu suka saɓa, makaranta ta janye gurbi, ofishin jakadanci ya hana biza, zargin kuma ya bi yaro duk inda ya je. Ga wata ɓarna da ba a faɗa: ɗan shekara 19 da ke tunkuɗe ƴan 16 ba ya koyon komai, ran da ya haɗu da sa'o'insa sai a ga babu.

Abin da ya kamata a gyara shi ne saɓanin gaskiya. Yara da yawa ba su da takardar asibiti, sai ta kotu da aka yi daga baya. Ba laifi, amma ita za a bi a ko'ina. A duba rubutun suna harafi da harafi, Aboubacar a nan Boubacar a can ya isa ya tsayar da takarda wata da watanni. A tanadi fasfo da sauran wata shida ko fiye, katin rigakafin shawara, da rubutaccen izinin iyaye ga wanda bai kai 18 ba. Gidajen da ke da dangi a Nijar da Najeriya su sani cewa wanda ya buga wa ƙasa ɗaya babbar gasar FIBA bayan ya cika 17, da wuya a bar shi ya koma wata.

Dole sai da BAC? Ni wasa nake so, ba boko ba.

Ga hanyar Amurka dole ne. Jami'o'in rukuni na ɗaya na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sun haura 350, kuma kafin ka buga musu sai ofishin tantancewarsu ya duba sakamakonka na shekaru huɗun ƙarshe na sakandare: darussa 16 na asali, matsakaicin maki 2.3 bisa 4 a ma'auninsu. Don haka a adana takardar sakamakon kowane zango tun daga ajin BEPC, a fassara su wurin mai fassarar da hukuma ta yarda da shi. Ingilishi kuma sai an ci jarrabawa irin TOEFL. Bayan gama sakandare shekara ɗaya ake ɗaga maka, in ka ci gaba da buga gasa bayanta ana rage shekarun wasanka. Za a kuma tambaye ka duk kuɗin da wata ƙungiya ta taɓa ba ka, sai a riƙa rubutawa.

Wanda makinsa bai kai ba yana da kwalejojin shekara biyu. Ta nan Jimmy Butler ya bi, daga Tyler zuwa Marquette, aka ɗauke shi na 30 a 2011. Ben Wallace ma haka, daga Cuyahoga zuwa Virginia Union ta rukuni na biyu. Sai dai dokokin bizar Amurka ga ƴan Nijar sun yi tsauri ƙwarai a ƴan shekarun nan, a fara tabbatar da halin da ake ciki kafin a kashe ko dala. Mai Faransanci yana da Senegal, Maroko da Tunisiya da ba su buƙatar sabon harshe.

Sansanoni da makarantun basket na Afirka fa, yaya ake shiga?

Da gayyata, ba da kuɗi ba. Sansanin Basketball Without Borders, wanda NBA da FIBA ke yi a Afirka tun 2003, ta hannun hukumomin ƙasashe da masu farauta ake zaɓen yaransa. Sansanin Giants of Africa na Masai Ujiri ne, wanda ya tashi a Zariya ta Najeriya. Makarantar SEED tana Thiès a Senegal, ta nan Gorgui Dieng ya fito. Makarantar NBA ta Afirka an buɗe ta a Senegal a 2017, daga cikinta aka ɗauki Ulrich Chomche na Kamaru na 57 a 2024, Khaman Maluach na Sudan ta Kudu kuma ya bi ta jami'ar Duke aka ɗauke shi na 10 a 2025. Duk waɗannan ƴan 14 zuwa 18 suke nema, ƙofar shigarsu kuwa ita ce tawagar matasa da aka ambata a amsar hanya daga Maraɗi.

Wani ya ce zai kai ɗana Turai gwaji in mun biya kuɗin jirgi da biza. Mu sayar da gona?

Kada ku sayar, Alhaji. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke aiko takardar gayyata da sunanta, ta biya jirgi da masauki. Wakilin ɗan wasa na gaske daga cikin kwantiragi yake samun ladansa bayan an sa hannu, galibi ba ya wuce kashi 10 cikin 100, a NBA ma kashi 4 ne iyaka. Wanda ya nemi kuɗi tun kafin komai, ku ne kasuwarsa, ba yaron ba. Ku tambayi lambar lasisinsa, FIBA tana wallafa sunayen wakilanta a shafinta. Ku nemo lambar ƙungiyar da kanku, ba wadda ya ba ku ba, ku kira. Ku kai takardun FENIBASKET a duba.

Idan yaron bai kai 18 ba, maganar ta ƙare tun a nan: FIBA ta hana sauya wa ƙananan yara ƙasa, sai a yanayi na musamman da ita kanta za ta amince. Alamun damfara kusan iri ɗaya ne kullum: gaggawa, bizar yawon buɗe ido a madadin ta karatu ko aiki, neman riƙe fasfo, da cewa kada a gaya wa koci. Yaron da bizarsa ta ƙare a ƙasar mutane ba ya samun lasisi, ba ya kuma iya dawowa cikin sauƙi.

Idan ba a zaɓi mutum a NBA ba, shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. Baƙon ɗan wasa yana shiga zaɓen kai tsaye a shekarar da ya cika 22, in ba a kira sunansa ba ya zama mai ƴancin sa hannu da kowa. VanVleet ma, wanda Ba'amurke ne, ba a zaɓe shi ba a 2016, sai ya buga gasar bazara ta Las Vegas da Toronto Raptors, ya samu gurbi. Akwai kwantiragin kwana 10, da wanda ake raba ɗan wasa tsakanin NBA da ƙaramar gasarta G League, wanda aka fara a 2017, yanzu uku ga kowace ƙungiya. Lambar zaɓe ma ba ta faɗin ƙarshen labari: Nikola Jokić na 41 ne a 2014, ya zama gwarzon gasar sau uku.

An kawo mini kwantiragin farko. Me zan duba?

Albashi bayan an cire haraji, da kuɗin wace ƙasa, da ranar biya a kowane wata. Wata nawa ne, don ƙungiyoyi da yawa na kakar wasa kawai suke biya, sauran watannin kana gida ba ko sisi. Ko kwantiragin tabbatacce ne, ko za a iya sallamarka bayan gwajin mako biyu ko faɗuwa gwajin likita. Gida, abinci, tikitin zuwa da dawowa, inshorar rauni, da wanda zai biya albashi in ka ji ciwo. Duk abin da shugaban ƙungiya ya faɗa da baki bai shiga takarda ba, ka ɗauka bai faɗa ba. A nemi a sa sharaɗin cewa kotun sasanci ta basket, BAT, da ke Janiba ce za ta raba gardama, domin ƙungiyar da ta ƙi biyan abin da ta yanke FIBA na iya hana ta ɗaukar baƙin ƴan wasa.

Kafin ka buga wa ƙungiyar wata ƙasa, ko da Kano ce, sai hukumar ƙasar da ka baro ta ba da takardar sallama ta FIBA. Wanda ya sa hannu a wuri biyu a nan yake maƙalewa. A Sifen da Faransa kuma ana jin kalmar "Cotonou": daga yarjejeniyar 2000 tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik ta samo asali, tana sa ba a lissafa ɗan Nijar cikin ƴan kujerun da aka ware wa irin Amurkawa. Wannan yana ƙara maka daraja, ka tabbata wakilinka ya faɗa.

Rauni, abinci da azumi fa?

Kafin atisaye mai tsanani a yi gwaji biyu. Na jini, don sanin ko akwai sikila ko rabinta, domin mai rabin sikila na iya faɗuwa in zafi da ƙishirwa da gudu suka haɗu. Na zuciya kuma ga dogo siriri mai dogayen yatsu da gabar da ta wuce kima: cutar Marfan ce ta tsayar da ɗan wasan Amurka Isaiah Austin kwanaki kaɗan kafin zaɓen NBA na 2014. Targaɗen idon sawu, a huta, a sa ƙanƙara minti 15 zuwa 20, a ɗaure, a ɗaga ƙafa. Ba ruwan zafi, ba murza a kwana biyun farko, in kuma ba a iya taku huɗu a je a ɗauki hoton ƙashi. Ciwo ƙasan ƙoƙon gwiwa ga yaro mai girma alama ce ta a rage tsalle. Taramol ba magani ba ne a nan, yana ɓoye ciwo har ya girma, kuma tun Janairun 2024 yana cikin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa.

Abinci yana kasuwa: wake, ƙwai, nono, awara, ƙuli-ƙuli, zogale, da fura ko tuwon hatsi don ƙarfi. A hau sikeli kafin atisaye da bayansa, kowane kilo da ya ragu kimanin lita ɗaya ce ta ruwa da za a mayar. Da azumi a mayar da gudu da tsalle bayan an sha ruwa ko bayan asham, da rana a tsaya ga jifa marar wahala. Olajuwon yana azumi yana wasa, a watan Fabrairun 1995 da ya dace da Ramadan shi ne gwarzon wata a NBA, amma a ɗaki mai sanyi yake bugawa, ba a simintin Maraɗi da azahar ba.

Ɗiyata ce ke so. Akwai hanya ga mata, kuma za ta iya rufe kanta?

Za ta iya, Hajiya. Tun Oktoban 2017 FIBA ta halatta rufe kai a wasa, muddin bai rufe fuska ba kuma babu abin da zai ji wa wani ciwo. Matakan duk ɗaya ne da na maza, gogayyar neman gurbi a gida kuma ta fi sauƙi. Matan Najeriya sun kai zagayen takwas na ƙarshe a Olamfik na Paris a 2024, abin da wata tawagar basket ta Afirka ba ta taɓa yi ba. Abin da za a ƙara shi ne sa ido: ba tafiya sai da mace babba cikin tawaga, ba ganawa da koci ko wakili ita kaɗai, a kuma duba ƙarancin jini lokaci-lokaci.

A wace shekara mutum zai san hanyar ba ta ɓulle ba, kuma sai me?

Littafin da ka riƙa rubutawa zai faɗa maka kafin kowa. In ka kai 22 ko 23, ba ka cikin biyar ɗin farko a babbar ƙungiya ta ƙasa, ba a taɓa kiranka tawagar ƙasa ba, kuma awonka da makinka sun tsaya shekara biyu, to albashin waje ya yi nisa. Dogaye sukan samu ƙarin shekara biyu ko uku, don su a makare suke nuna. Aikin basket kuma bai tsaya ga masu riga ba. Akwai alƙalanci, da teburin rubuta maki, da horar da yara, da Cibiyar Matasa da Wasanni ta ƙasa, INJS, a Yamai, mai yaye malaman wasanni. Masai Ujiri ya yi shekaru yana wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, ya koma farautar ƴan wasa wa Orlando Magic ba albashi, kuma shi ne shugaban Toronto Raptors a shekarar da VanVleet da Siakam suka ɗaga kofi.